Lakar da Baba Ya Wanke

Litinin, 13 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Mun baro tashar Puerto Montt da hantsi a jirgin ruwan bincike. Ruwa kwance, sama garau, kowa na washe baki kamar an ba shi kyautar jirgin. Baba ya tsaya a dandamalin baya ya yi jawabinsa na kullum, cewa laka ba ta ƙarya, mutane ne ke yi mata ƙarya. Ɗalibai suka tafa. Tun ina da haƙoran nono nake jin wannan jawabi, amma na tafa ni ma, kada a ce Dakta Nélida na baƙin ciki da ubanta.

A nan ba Baba ba ne, Farfesa Oyarzo ne, shugaban tafiya. Shi ya kafa dokar tun shekarar da na fara bin sa teku: a cikin jirgi babu uba babu 'ya. Mataimakinsa kuwa Renato ne, wanda ni na koya wa tsaga bututu ba tare da ya yanke yatsa ba. Da aka zo naɗa mataimaki, Baba ya ce in ya ɗauke ni za a ce son kai. To, ba a ce ba. Madalla.

An tsara zangunan da za mu tsaya mu ɗebi laka. Nawa ne na ƙarshe, can kudu bayan mashigin tekun Golfo de Penas, wani rami mai zurfi a ƙasan teku da nake kyautata zaton lakarsa ta ajiye tarihin girgizar ƙasa na dubban shekaru ba tare da wani abu ya dagula ta ba. Shekara shida ina roƙon a ba ni kwana biyu a wurin. An ba ni, a wutsiya, inda za a fara yankewa in an makara.

Talata, 14 ga wata, bayan abincin rana

Bututun farko ya hau. Aikin bai canza ba tun zamanin da Baba ke da gashi: a ɗaura doguwar sandar ƙarfe mai rami, a ɗora mata nauyi a ka, a saukar da ita da igiya har ta kusa ƙasan teku, sannan a sake ta ta nutse cikin laka. Sai jira. Muna tsaye da hulunan kwano kamar masu jiran a fito da gawa. In ta iso a zaro bututun robar da ke cikinta, a yanka gaɓa-gaɓa, a toshe, a sa lamba, a tsaga kowace gaɓa biyu. Duk wannan wahala don laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Don Ulises ne a kan injin igiya, kamar kullum. Shekara talatin yana saukar wa Baba ƙarfe cikin ruwa, har yau in Baba ya yi masa magana sai ya miƙe tsaye. Baba ya tambaye shi zurfin ruwa, ya faɗa masa. Ba a jima ba ya sake tambaya, ya sake faɗa. A karo na uku Don Ulises ya ɗan dube ni kafin ya amsa. Ni kuwa igiya nake kallo. Injin yana da ƙara, kowa na iya kasa ji.

Laraba, 15 ga wata, da safe

Gajiya ce. Mutum ya haura saba'in yana kan ruwa, ai dole.

Alhamis, 16 ga wata, da la'asar

Doña Ilda mai girki ta tare ni a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Wai Farfesa ya karya kumallo sau biyu yau, na biyun har da faɗan an bar shi da yunwa. Ta yi ta dariya, ta ce in tsohon ya yi sabuwar budurwa ne a faɗa mata ta ƙara masa ƙwai. Sai ta rage murya ta ce ya tambaye ta ina Chelo ya shiga. Chelo shi ne mai girkin jirgin nan kafin ita. Mun binne shi a Calbuco ina aji biyu a jami'a.

Na ce mata wasa yake yi.

Ta ce, "Ubanki ne ya koyi wasa da tsufa, 'yar nan? Allah mai iko."

Ta cika mini ƙoƙon shayin mate, ta turo mini wainar dankali. Na san kafin rana ta faɗi rabin jirgin sun ji. Bakin Ilda kwando ne, ba ya riƙe ruwa.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe tara na yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna

Yau a yammacin tsibirin Guafo mun samo bututun da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya cika maƙil, bai karye ba, bai dagule ba. Da muka tsaga, shimfiɗun suka fito ɗaya bisa ɗaya, kore, toka-toka, sai layin yashi, sai kore kuma, har ƙasa.

Baba ya tuɓe safar hannu ya ɗora yatsa kan wani layin yashi kusa da sama. Ya ce wannan ta girgizar ƙasar 1960 ce. Ya ce yana ɗan shekara tara a garin Ancud na bakin teku ranar, ya ga teku ta ja da baya har kwale-kwale suka kwanta a kan tudu, kakarsa ta finciko shi da kunne suka hau dutse, maƙwabcinsu kuwa ya sauka tsintar kifi. Daga nan ya bi layukan da yatsa yana gangarawa, yana faɗin wanda girgiza ta zubo, da wanda kogi ya kawo, da wanda tokar dutse mai aman wuta ce. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. 

Na tsaya a baya da wuƙar tsagawa a hannu, na tuna dalilin da ya sa na bi mutumin nan cikin laka maimakon in yi karatun lauya yadda Mama ta so.

To, ina masu rage murya? Su zo su gani. Lafiyarsa ƙalau.

Lahadi, 19 ga wata, da rana

Na samu wayar jirgi na kira ƙanena Fabián a Santiago. Na ji ƙarar yara da ruwa, yana bakin tafkin wanka. Na ce masa Baba na ɗan mantuwa, ba wani abu ba. Ya ce, "Yaya Nela, ni likitan haƙori ne. Kuma ai ke kika ce zai iya tafiyar."

Ban ce ba. Cewa na yi likita bai hana ba, kuma likita bai hana ba.

Sai ya tono maganar Nuwamba. Abin Nuwamba ba komai ba ne. Kowa na iya ɓatan hanya a garin da aka sauya wa tituna, kowa na iya tsayawa a ƙofar gidan da ya yi shekara talatin a ciki ya gwada makulli. Mutanen da suka sayi gidan ma ba su ɗauke shi da zafi ba.

Ya ce in gaishe da tsohon, in kula da shi. Hoton Fabián ne a kan teburin Baba a kowane jirgi ya shiga. Shi ake kira daga kowace tasha tun muna yara. Ni tsarabata duwatsu ne a cikin leda, da takardar sunayensu, in haddace kafin ya dawo.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe biyu

Ba zan rubuta wannan ba.

Talata dai, da yamma

Bayan abincin rana kowa ya je ya kwanta, don mun yi aikin safe mai tsawo. Na koma ɗakin gwaji ɗauko gilashina, sai na ji ƙarar ruwa da fito. Baba ne yake fito, wata tsohuwar waƙar masunta. Ya naɗe hannun riga, yana riƙe da tiyo. Ya fito da gaɓoɓin Guafo daga ɗakin sanyi inda muke ajiye laka, na can ƙasa, mafi tsufa, ya jera su a kan tebur. Rabin da muke aiki da shi da rabin da ake ajiyewa, duka. Robar ta yi fari tas tana ƙyalli. Ruwa kore yana bin magudana yana komawa inda ya fito.

Ya ce, "Dubi yadda yaran nan suka bar kaya da datti. A jirgina ba a barin kayan aiki haka."

Na karɓi tiyon. Bai yi gardama ba. Na ce an gode, ya je ya huta. Ya goge hannu a tawul, ya tafi yana jin daɗin kansa.

Na gaya wa sauran cewa ni na manta ban kulle kantar ba, jirgi ya yi tangaɗi suka zube suka tarwatse, na wanke wurin don kada wani ya zame. Wata ɗaliba ta yi kuka.  Renato ya tsuguna ya daɗe yana kallon magudanar, sannan ya ɗauki roba ɗaya ya juya ta a hannu. Babu tsaga, babu ko ƙwarzane. Ya mayar ya ajiye a hankali.

Ruwan ma kwance yake yau kamar tabarma. Ko ƙarya ban iya zaɓa ba.

Laraba, 22 ga wata, bayan taron safe

Jiya ya wanke laka, yau ya wanke ni.

A gaban kowa, har da ɗaliban da nake koyarwa. Ya ce a shekara hamsin da ya yi yana shiga teku bai taɓa ganin sakaci irin wannan ba. Ya ce shekaru dubu nawa teku ta yi tana tara abin nan, mutum ɗaya ya zubar a wuni guda don ya kasa tura sakata. Ya ce da ɗalibi ne da ya sauke shi a tasha ta gaba. Ya ce digiri ba ya sa wa mutum hankali.

Kalmominsa a jere, murya daram, ido cikin ido. Babu abin da ya manta sai abu ɗaya.

Na ce, "Na ji, Farfesa. Ba za a sake ba."

Da aka watse Ilda ta ajiye mini farfesun kifi a gabana da ƙarfi har ya fantsala. Ta ce da ita ce da ta kifa wa wani tukunya a ka, uba ko ba uba ba. Ban ci ba.

Alhamis, 23 ga wata, da safe

Iska ta juya. Na ce a koma Guafo a sake gwadawa, Kyaftin ya ce ba da wannan ruwan ba.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwana biyu muna fake a bayan wani tsibiri, hadari na dukan jirgi. Rabin ɗalibai na kwance da bokiti a gefe. Duk ranar da muka rasa a nan, daga wutsiya za a cire ta.

Renato ya same ni a ɗakin sanyi ina gyara lambobi, ya rufo ƙofa. Ya fara da cewa shi Farfesa uba ne a wurinsa. Duk wanda ya fara magana da haka, riƙe aljihunka. Sai ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce sanin me. Ya ce kada mu yi wa juna haka. Ya ce ya gane abin da ya sa na yi shiru, don ba don sunan Farfesa ba da cibiyar bincikenmu ba ta ba mu jirgi ba, in babu jirgi kuwa babu zangona.

Na ce ya maimaita. Bai maimaita ba.

Ya ce ya kamata a sanar da Kyaftin. Na ce ga ƙofa, ga matakala, ɗakin Kyaftin na sama. Ya ce bai dace ya fito daga bakinsa ba, mutane za su ce kujera yake so, ya fi kyau ya fito daga jini. Wato in ɗauki wuƙa in yanka, shi ya zo da faranti.

Na ce masa bayan zangona za mu yi magana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai ya faɗa. Muka tsaya cikin sanyi muna duban juna, kowa ya ga abin da ke cikin ɗan'uwansa. Ban ji daɗin abin da ya gani ba.

Ban san komai ba kafin mu taso. Ban sani ba.

Litinin, 27 ga wata, da hantsi

Hadari ya lafa, mun ci gaba kudu. Na zama jelar Baba. In ya shiga ɗakin gwaji ina nan, in ya hau sama ina baya, in ya shiga bayi ina gyara igiyar takalmi a ƙofa. Na karɓi makullin ɗakin sanyi na rataya a wuya. Umarnin da zai bayar ni nake raɗa masa, shi kuma ya faɗa da murya mai ƙarfi, a rubuta Farfesa ya ce. Wannan ba sabon aiki ba ne, yanzu ne dai nake yin sa a tsaye.

Ɗazu ya juyo ya ce, "Ke wai ba ki da aikin yi ne? Shi ya sa kaya ke zubewa."

Jiya kuma da yamma na same shi zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a hannu, yana kallonsa. Na durƙusa na sa masa. Ya bar ni. Ƙafarsa ta rame, ban san ta rame haka ba.

Talata, 28 ga wata, da yamma

Saura zango ɗaya kafin nawa. Kwana biyu kawai nake roƙo. Ba na roƙon komai bayan wannan.

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe uku

Hannun Don Ulises.

Alhamis, 30 ga wata, da safe

Jiya bayi na shiga. Ɗan adam ne ni, ina shiga bayi. Na bar shi a ɗakin gwaji da kofin shayi da taswira.

Da na fito ba ya nan. Na same shi a dandamalin baya, ba hula, ba rigar ceto. An ɗago sandar daga ruwa tana reto a sama da duk nauyinta, ma'aikatan jirgi biyu na can ƙarshe sun juya baya suna jan igiyar da ke daidaita ta. Baba ya shiga ƙarƙashinta yana ɗaga hannu, yana ba da umarni ga mutanen da ban san su ba. Na kira shi. Farfesa na ce. Ko a lokacin Farfesa na ce.

Don Ulises ya saki injin ya yi tsalle. Ya ture Baba gefe. Sandar ta dawo ta same shi a jikin ƙarfen gefen jirgi.

Ba zan rubuta ƙarar ba.

Ma'aikacin jinya na jirgi ya ɗaure hannun, ya ce ƙashin ya farfashe, sai asibiti. Mun juya arewa zuwa tashar Quellón, inda akwai asibiti. Kyaftin ya ce za a sauke shi a can mu dawo, lokacin da ya rage zai ishi zango ɗaya. Nawa. Ya faɗa mini haka kamar mai yi mini albishir.

Ya kuma ce abin da ya dame shi shi ne yadda mutum mai shekara talatin a kan inji zai bar shi da kaya a sama. Ma'aikatan nan biyu ba su ga farkon abin ba, sun juyo ne suka ga Ulises ba ya mazauninsa. Kyaftin ya ce doka a fili take, kuma dole ya kai rahoto. In haka ta tabbata, Ulises ya gama aikin teku, ko hannun ya warke ko bai warke ba.

Na je na duba shi. Fuskarsa ta yi fari kamar takarda. Ya riga ya gaya wa Kyaftin wai santsi ne ya kwashe shi. Na buɗe baki, ya girgiza kai.

Ya ce, "Dakta, bar shi a haka. Kada tsohon ya ƙare da abin kunya. Ni dama na gaji da teku."

Ƙarya yake. Yana da 'ya'ya biyu a makaranta, kuma bai iya zama a tudu ba, matarsa ta sha faɗa.

Kowa na da abin da zai ba Baba. Mama ta ba da ƙuruciyarta, ni na ba da sunana, wannan ya ba da hannu. Shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

Alhamis dai, da magariba

Na yi niyyar yin shiru. Na rubuta ne don in san na yi niyyar. Ulises da kansa ya roƙe ni, Renato ba zai yi magana ba, zangona na jira.

Sai a wajen cin abinci Baba ya shanye miyarsa, ya suɗe cokali, ya tambayi wa ke kan inji gobe. Aka ce masa Ulises na kwance. Ya yi tsaki, ya ce mutumin nan ya fara lalaci, da rana tsaka yana kwance, a tuna masa ya yi wa Kyaftin maganarsa in mun koma. Ilda na tsaye da tukunya tana jin komai.

Na ajiye cokali na hau sama.

Na gaya wa Kyaftin duka, da tiyo, da karin kumallo, da abin da ya faru jiya. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya cire gilashi ya murza ido, ya tambaye ni ko na san cewa saura kaɗan mutum ya mutu a jirginsa. Na ce na sani. Ya tambaye ni abin da Renato ya tambaya, tun yaushe na sani. Na dubi taga.

Ya ce Farfesa zai sauka a Quellón, kuma ba zai sauke tsoho a wannan hali shi kaɗai a bakin tasha ba, dole wani nasa ya bi shi. Ya ce Dakta Renato zai riƙe tafiyar.

Na ce, zangon fa?

Ya ce za a je, ai an tsara.

Juma'a, 31 ga wata, da rana

Renato ya zo da fuskar ta'aziyya. Ya ce na yi jarumta. Ya ce zai kula da ramin kamar nasa, sunana kuma zai fito a duk abin da aka rubuta, wannan ba sai an faɗa ba. Sannan ya tambaya ko zan bar masa taswirorina da bayanin inda ya fi dacewa a saki sandar, tunda ni na fi kowa sanin wurin.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na ba shi. Har na nuna masa gangaren da zai kauce wa, don in ya saki a can yashi kawai zai kwaso. Na so in bar shi ya kwaso yashin. Hannuna ne ya ƙi, ya zana masa da'ira a daidai wurin.

Baba bai san an sauke shi ba. Na ce masa cibiya na nemansa don wani taro na gaggawa. Ya ce dama ya san ba za su iya komai ba in ba ya nan. Ya sa na goge masa riga.

Ilda ta ƙulla mana burodi da cuku a leda. Ta ce da ta san haka abin yake da ta ɗinke bakinta tun ranar farko. Na ce bakinta bai karya hannun kowa ba. Ta rungume ni tana warin albasa, na tsaya kamar itace har ta sake ni.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, da safe, a gidan Baba

Jiya muka sauka a Quellón. Motar asibiti ta tafi da Don Ulises. Da za a wuce da shi ya kau da kai daga gare ni. Na ceci aikinsa, ya ƙi kallona. Likita ya ce hannun zai tsira, yatsu biyu ne ba su da tabbas.

Shugaban cibiyarmu ya zo da kansa, don an yi haɗari. Yana tsaye a bakin tasha da laima. Baba ya sauko cikin gogaggiyar riga, ya miƙa masa hannu, ya kira shi da sunansa, ya tambayi matarsa da sunanta. Sannan ya tsaya cikin yayyafi ya yi masa bayanin tafiyar tun daga zangon farko, zurfi da tsawo da abin da aka samu, bai kuskure ko ɗaya ba. Na ga shugaban na satar kallona, yana auna abin da Kyaftin ya faɗa masa a waya da mutumin da ke gabansa.

Ya tambaya a hankali, to me ya faru da bututun Guafo.

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Ka san 'ya'ya. Na so in ba ta dama. Tana da ƙoƙari, amma teku ba ta kowa ba ce."

Shugaban ya dafa kafaɗarsa. Ni ya ce mini za mu zauna in na huta, akwai tambayoyi. A bayanmu jirgin ya yi ƙaho, ya fara ja da baya. Ban juya ba.

Ban sani ba ko ciwon ne ya yi magana ko shi ne. Na yi ta juya abin har yanzu, na kasa raba su. Muryar iri ɗaya ce.

Cibiya ta ba mu mota. Na buɗe masa ƙofa ya shiga, na zagaya na zauna. Direba ya tafi sayen ruwa. Baba yana kallon hannuwansa a kan gwiwa. Duk ƙarfin nan na bakin tasha ya zube, rigar ta yi masa yawa. Can sai ya kamo bakin hannun rigata da yatsu biyu.

Ya ce, "Nela. Kowa sai kallona yake yi. Na yi wani abu ne?"

Amsar tana bakina. Ta fi shekara arba'in tana nan, a shirye, na san da wace kalma zan fara.

Na ce masa ya ɗaura bel ɗin kujera. Ya jawo shi ya yi ta laluben ramin, ya kasa. Na sunkuya na ɗaura masa.